"Ai Yana Motsi!": Yadda Rabin Jimla Ke Tayar da Rikici a Filin Ƙwallon Kwando

Wata ranar Asabar da yamma, cikin hunturu, na raka ɗan ƙanena kallon wasan ƙwallon kwando tsakanin wasu makarantun sakandare biyu a Zariya. Filin na siminti ne, allunan sun sha rana har fentinsu ya koɗe, 'yan kallo kuwa ɗalibai ne da malamansu da tsirarun iyaye. Saura ƙasa da minti ɗaya a tashi, maki ɗaya ne tsakanin ƙungiyoyin, sai wani dogon yaro ya taho da ƙwallo a guje ya nufi kwando. Mai tsaronsa ya riga shi isa, ya fuskance shi, da ya ga ya karkata hagu shi ma ya gusa gefe ya tare hanya. Dogon yaron ya bangaje shi a ƙirji, sannan ya wurga ƙwallo ta faɗa kwando. Alƙalin wasa, wani matashin malamin motsa jiki, ya busa usur, ya ɗaga dunƙulallen hannu, ya soke cin, ya ɗora laifin a kan wanda ya kawo hari.

Nan take fili ya rikice. Kalma uku ce a bakin kowa: "Ai yana motsi!" Wani malami ya shiga fili yana nuna alƙalin da yatsa, ɗalibai suka bi bayansa, aka ce an saye shi, aka ce bai san aikinsa ba. Da ƙyar aka ƙarasa 'yan daƙiƙoƙin da suka rage, kuma har muka fito ba wanda ya miƙa masa hannu. Ni ma a raina na yanke cewa ya yi kuskure, domin tun ina yaro abin da nake ji ke nan, wai dole mai tsaro ya tsaya cak kafin a ce an bangaje shi. Sai da na koma gida na buɗe sashe na 33 na dokokin wasan na gane matashin nan shi ne mai gaskiya, mu da muke ihu mu ne a kan ɓata.

Ra'ayina shi ne, mafi yawan rigimar da ake yi da alƙalan wasa a makarantunmu matsalar harshe ce kafin ta zama matsalar wasa. Kowace doka jimla ce mai sharaɗi. Mu kuwa mun ari sunan dokar daga Turanci, mun bar sharaɗin a can, sai muka riƙa yanke hukunci da rabin jimla. Hausawa suka ce ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Shi ya sa na ga maganar ta shafi ɗaliban Hausa kai tsaye.

Dokar wa ake bi?

James Naismith ne ya ƙago wasan a watan Disambar 1891 a garin Springfield na Amurka, da dokoki 13 kacal. A 1932 aka kafa hukumar FIBA a Geneva, kuma littafinta na yau yana da sassa 50. Shi ake bi a Nijeriya da Nijar da Sudan, tun daga wasan ƙasa da ƙasa har zuwa gasar makarantu irin ta Milo da ake gudanarwa a Nijeriya tun 1999. Amma yaranmu ba daga wannan littafi suke koyon wasa ba, daga bidiyon gasar NBA suke koya a waya, ita kuwa NBA dokokinta daban.

Bambancin ba kaɗan ba ne. A FIBA kowane zango minti 10 ne, a NBA 12. A FIBA laifi biyar ke fitar da ɗan wasa, a NBA shida. Layin maki uku a FIBA mita 6.75 ne daga kwando, a NBA ya kai 7.24. A NBA ɗan wasa na iya neman hutun shawara da kansa, a FIBA koci ne kaɗai ke nema, ta hannun masu teburin ƙidaya. A NBA an hana mai tsaro daɗewa a ƙarƙashin kwandonsa fiye da daƙiƙa uku idan ba wanda yake tsaro, a FIBA babu wannan dokar sam. A FIBA, da zarar ƙwallo ta taɓa bakin kwando, kowa na iya kaɗe ta ko da tana samansa, abin da NBA ta haramta. Saboda haka yaron da ke rantsuwa cewa da idonsa ya ga an hura irin wannan ba ƙarya yake yi ba. Ya gani, amma a wata ƙasa, ƙarƙashin wata doka.

Tsayuwar mai tsaro

Mu koma ga abin da ya faru a Zariya. Doka ta ce mai tsaro ya kafa halastacciyar tsayuwa idan ya fuskanci abokin karawarsa kuma ƙafafunsa biyu suna ƙasa. Wannan ne rabin jimlar da kowa ya haddace. Sauran rabin ya ce, bayan ya kafa tsayuwar, yana da damar ya tsaya, ko ya yi tsalle sama tsaye, ko ya gusa gefe, ko ya ja da baya, domin ya ci gaba da tare hanya. Abin da aka hana shi shi ne ya kutsa gaba zuwa ga mai ƙwallo, ko ya shiga ƙarƙashin wanda ya riga ya tashi sama. Muddin ya riga isa wurin, kuma karon ya faɗa a gangar jikinsa, to mai ƙwallo ne ya jawo karon, shi ke da laifi.

Ku lura da kalmar "bayan". A kanta hukuncin duka ya rataya. Ƙafafu biyu a ƙasa sharaɗi ne na fara tsayuwa, ba na ɗorewarta ba. Wanda ya ce "yana motsi" ya faɗi gaskiya, sai dai gaskiyar ba ta amsa tambayar da doka ta yi ba. Tambayoyin su ne: ya kafa tsayuwa tun farko? Ina ya nufa da motsin? A ina karon ya same shi?

Irin wannan ne kuma ihun da ake yi idan dogon yaro ya miƙa hannu ta saman kan gajere ya ɗauke ƙwallon da ta dawo daga allo. Sai ka ji ana cewa ya hau bayansa. A littafin dokoki kowane ɗan wasa yana da gurbinsa daga ƙasa zuwa sama, kamar an kifa masa ganga. Idan dogon ya yi tsalle a cikin gangarsa, bai tura ba, bai danna ba, bai dafa ba, to tsawonsa rabonsa ne. Haka ma miƙa hannu don fizge ƙwallo: idan hannun bai sami jikin mai ƙwallo ba, babu abin hurawa.

Ƙafar turke

Dokar da aka fi kira a bakin fili ita ce wadda yara ke cewa "tirabulin", wato sashe na 25. Ma'anar kalmar tafiya ce, kuma sunan da Faransanci da Larabci suka ba dokar shi ma tafiya yake nufi. Sunan ne ke ɓatar da mutane, domin yana sa su ƙirga taku, alhali dokar a kan ƙafa ɗaya take magana, ƙafar da ɗan wasa ke juyawa a kanta idan yana riƙe da ƙwallo.

Ina ba da shawarar a kira ta ƙafar turke. Duk Bahaushen da ya taɓa ganin akuya a ɗaure ya san tana iya zagaya turke ta kowace fuska, amma turken yana nan inda aka kafa shi. Da wannan suna dokar ta zama mai sauƙin faɗi. Mai riƙe da ƙwallo na iya taka ɗaya ƙafar sau nawa ya ga dama matuƙar ƙafar turke ba ta bar wurinta ba. Idan zai miƙa wa wani ko zai jefa a kwando, yana iya ɗaga ƙafar turke, amma kada ta koma ƙasa sai ƙwallo ta bar hannunsa. Idan kuwa zai fara buga ƙwallo da ƙasa ne, wajibi ne ya saki ƙwallon kafin ya ɗaga ta. Jimla uku ke nan, kowacce da sharaɗinta: matuƙar, sai, kafin.

Daga ranar 1 ga Oktoban 2017 FIBA ta sauya wani ɓangare na wannan sashe. Wanda ya karɓi ƙwallo yana gudu, ko ya kama ta bayan bugawa da ƙasa, yana da taku biyu kafin ya tsaya ko ya miƙa ko ya jefa, kuma ƙafar da ke ƙasa a daidai lokacin da ya kama ƙwallon ba ta cikin lissafi. A idon ɗan kallo taku uku ne, a doka biyu ne. Malamin da ya yi wasa a shekarun 1990 zai hura, alƙalin da ya karanta sabon littafi ba zai hura ba, kowannensu kuma yana ganin ɗayan jahili ne. Idan kiɗa ya sauya, rawa ma sauyawa take yi, amma sai an sanar da masu rawar.

Ga wasu uku da ake yawan kira a banza. Mai buga ƙwallo da ƙasa ba shi da iyakar taku tsakanin bugu da bugu, kuma babu iyaka ga tsayin da ƙwallo za ta tashi, in dai bai sa hannu a ƙarƙashinta ya tallafe ta ba. Wanda ya faɗi da ƙwallo a hannu ya zame a ƙasa bai saɓa ba, sai idan ya mirgina ko ya yi yunƙurin miƙewa da ita. Wanda ya jefa a kwando bai taɓa komai ba, ya ruga ya cafe abarsa, a FIBA halas ne, idan alƙali ya gamsu cewa jifan kwando ne na gaske.

Aikau, karɓau da niyya

A nan ne nahawun Hausa ke da abin cewa. Dubi waɗannan jimloli biyu: "Audu ya bugi ƙwallo da ƙafa" da "Ƙwallo ta bugi Audu a ƙafa". A ta farko Audu ne aikau, a ta biyu shi ne karɓau. Sashe na 13 ya raba su kamar yadda nahawu ya raba su: buga ƙwallo ko tare ta da ƙafa da gangan saɓa ƙa'ida ne, amma idan ita ce ta sami ƙafar bisa tsautsayi, wasa ya ci gaba. A bakin fili kuwa, da ƙwallo ta taɓa ƙafa sai ka ji "Ƙafa!", suna tsirara, babu aikatau balle a san wa ya aikata. Haka bambancin "ya saki ƙwallo" da "ƙwallo ta suɓuce masa". Suɓucewa ba a lissafa ta a matsayin bugawa da ƙasa, don haka wanda ta suɓuce wa yana iya sake kama ta. (Mai lura zai ga muna cewa "ƙwallon kwando" da ɗafin namiji, amma muna cewa "ta faɗa". Haka take a bakin 'yan wasa, su na bi.)

Abin mamaki, inda doka ta nemi niyya mun yi watsi da ita, inda ba ta nema ba kuma nan muke kafewa. Laifin jiki, wato turawa ko riƙewa ko dukan hannu, ba ruwansa da niyya. Amma kalmar da muka gada daga sharhin ƙwallon ƙafa ita ce "keta", keta kuwa a Hausa mugunta ce da aka ƙudura a zuci. Idan alƙali ya ce wa ɗan shekara goma sha biyar ya yi keta, yaron zai ji an soki halinsa, sai ya hau rantsuwa cewa ba da gangan ya yi ba. Gaskiya ya faɗa, kuma laifin yana nan. Da an ce masa "ka taɓa hannunsa yana jifa", da gardamar ba ta taso ba.

Dokar kanta ta kasa abin gida biyu, har da alamar hannu. Buɗaɗɗen tafi a sama na nufin an saɓa ƙa'ida, kamar ɗaga ƙafar turke, hukuncinsa a ba abokan karawa ƙwallo, ba a rubuta wa kowa komai. Dunƙulallen hannu na nufin laifi, ana rubuta shi a gaban sunan ɗan wasa da na ƙungiyarsa. Yara kuwa duka biyun "fawul" suke cewa. Zai kyautu mu tsayar da "saɓa ƙa'ida" ga na farko, "laifi" ga na biyu, mu bar "keta" ga mummunan karon da ya fita daga ɗa'ar wasa, wanda shi ma yana da sashensa da hukuncinsa mai tsanani.

Sauran biyu a taƙaice. Dokar daƙiƙa uku ta hana mai kai hari wuce daƙiƙa uku a jere cikin akwatin da ke ƙarƙashin kwandon abokan karawa, amma sai idan ƙwallo na hannun ƙungiyarsa a rabin filin gaba kuma agogo na tafiya. Da an jefa a kwando ƙidaya ta yanke, domin ƙwallon ba ta hannun kowa. Masu ƙirga "ɗaya, biyu, uku" da ƙarfi yayin da ake kokawar ƙwallon da ta dawo daga allo, ƙirgan banza suke yi. Dokar komawa baya ita ma sharaɗi uku gare ta: ƙwallo na hannun ƙungiya a rabin gaba, ɗan ƙungiyar ne na ƙarshen taɓa ta a can, ɗan ƙungiyar ne kuma na farkon taɓa ta a rabin baya. Idan mai tsaro ne ya kaɗe ta ta koma, sharaɗi ɗaya ya faɗi, dokar ba ta hau ba.

Daga Zariya zuwa Damazin

Wani zai ce wannan duk wahalar banza ce. Wasan na duniya ne, yaron da zai yi nisa dole ya san kalmomin Turanci, me zai sa a ɗora masa wasu? Hujja ce mai nauyi, musamman a Zariya, garin da Oliver Johnson ya shafe shekaru yana horar da matasa a Jami'ar Ahmadu Bello, garin da Masai Ujiri ya tashi kafin ya jagoranci Toronto Raptors ta ci kofin NBA a 2019. Ƙungiyar matan Nijeriya ma ta kai zagayen kusa da na kusa da ƙarshe a wasannin Olamfik na Paris a 2024, abin da wata ƙungiyar Afirka ba ta taɓa yi ba. Ba wanda zai so a rufe wa yaro wannan ƙofa.

Amsata biyu ce. Ta farko, ban ce a daina koyar da sunan Turanci ba. Cewa na yi suna kaɗai ba ya isa, kuma sharaɗi ba ya zama a kan yaro sai da harshen da yake tunani da shi. Wanda ya fahimci ƙafar turke da Hausa, minti ɗaya ya ishe shi ya koyi sunanta da kowane harshe. Wanda ya haddace sunan bai fahimci dokar ba zai kai kuskurensa duk inda ya je.

Ta biyu, Hausawa ba a ƙarƙashin Turanci kaɗai suke ba. Ɗan Maraɗi da Faransanci yake karatu. Can gabas kuma, a ƙasar Sudan, akwai Hausawa masu yawa a ƙauyukan Jazira da gaɓar Shuɗin Nilu, zuriyar mahajjata da manoma da waɗanda suka yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903, suka bi Muhammadu Bello Mai Wurno ɗan Sarkin Musulmi Attahiru har inda garin da ke ɗauke da sunansa yake a yau, kusa da Sinnar. Ɗan Hausawan Damazin, babban birnin jihar Shuɗin Nilu, da Larabci yake karatu, alƙalin wasa "hakam" ne a bakinsa. Idan aka tara ɗan Kano da ɗan Maraɗi da ɗan Damazin a fili ɗaya, kalmomin aronsu uku ne mabambanta, ba mai gane na wani. Amma ka ce musu "ƙafar turke", ko "kada ta koma ƙasa sai ka saki", duka ukun sun ji. Abin da aka gina da Hausa tsantsa shi ke ƙetare iyakokin da aro ba ya iya ƙetarewa.

Mun kuma taɓa yin irin wannan aiki. Masu sharhin ƙwallon ƙafa a rediyo sun ba mu "bugun kusurwa" da "bugun tazara" da "bugun daga kai sai mai tsaron gida", wanda suna ne da ya ƙunshi bayanin dokar a cikinsa. A kan wannan awo, jifan da ake ba wanda aka yi wa laifi zai iya zama "jifan daga kai sai kwando". Masana harshe su ma sun yi wa fanninsu, a littafin keɓaɓɓun kalmomin da Ɗalhatu Muhammad ya tace a 1990, inda irin su aikau da karɓau suka sami gindin zama. Sai dai a yi hattara, domin suna mai daɗi ma yana iya yaudara. "Satar gida" ta shiga bakin kowa, amma ta sa mutane da yawa na zaton tsayuwa a wurin ita ce laifin, alhali sai ɗan wasa ya sa kansa cikin wasan daga can. Daɗin suna ba ya ɗauke wa mutum karanta jimlar.

Ban ce alƙalai ba sa kuskure ba. Suna yi, musamman inda mutum ɗaya ko biyu ke hura wasan da a manyan gasanni mutum uku ke hurawa, a filin da layukansa suka goge, babu agogon daƙiƙa 24. Makarantar da ba ta tura malaminta horo ba tana da nata kason. Amma akwai tazara tsakanin alƙalin da ya yi kuskure da alƙalin da ya yi daidai aka zage shi. Na biyun ne ke ajiye usur ya ce ya daina, a bar fili ga wanda zai hura abin da taro ke so. Abin da ya fi damuna kuma shi ne darasin da yaran nan suka tafi da shi gida a ranar: sun ga malaminsu ya shiga fili yana zagin mai hukunci, sun koyi cewa idan hukunci bai yi maka daɗi ba to saye aka yi. Yaron da ya koyi wannan a filin siminti ba a nan zai bar shi ba.

Saboda haka ga aiki ga ɗaliban da ke bin wannan shafi. Kowa ya ɗauki sashe ɗaya, na 24 ko na 25 ko na 26 ko na 30, ya rubuta shi da Hausa cikin jimlolin da ba su wuce biyar ba, ba tare da kalmar aro ba in akwai ta gida. Ya ja layi a ƙarƙashin kowace kalmar sharaɗi: idan, muddin, matuƙar, sai, kafin, bayan, da gangan. Sannan ya karanta wa ƙanensa mai wasa, ya tambaye shi hukuncin wani misali. Idan yaron ya amsa daidai, fassarar ta yi. Idan ya kuskure, a duba da kyau, galibi za a tarar wani "sai" ne ya faɗi a hanya. Wanda ya gama ya kai wa malamin motsa jiki na makarantar unguwarsu, a liƙa a bango kusa da fili, inda mai ihu zai iya karantawa kafin ya buɗe baki.